Rumbun Taubashina a Gajimare

Duk ranar Litinin, kafin a sauke shayin farko, nakan buɗe ordinatar, wato kwamfuta, in ga abin da Magulmaciya ta kwaso. Haka muke kiran manhajar da ke zagaya injunanmu tana leƙen inda aka bar ƙofa a buɗe, ko inda makulli ya tsufa. Ba ta gyara komai. Faɗa kawai ta iya, layi bayan layi, wani ja, wani rawaya, wani kore. Aikina shi ne in ɗauki kowane layi, in nemo injin da take nufi a cikin baz, wato babban rajistan kayan aikinmu, in ɗaura su tare. In na ɗaura, tike, wato saƙon neman gyara, ya tafi wurin mai injin, ya gyara. In ban ɗaura ba, layin ya zauna nan ba mai kallonsa. Irinsa muke ce wa maraya.

Ku da kuke zuwa istaj, wato koyon aiki, a wurina, kusan kowannenku sai ya ce, "Baba Laminu, ai wannan ɗauko nan ne a ajiye nan." Nakan dai ba ku kujera. Kafin azahar wani ya ɗora laifin injin reshen Gabi a kan mutumin reshen Sarkin Yamma, yana murna ya gama da wuri.

Ni ba a kan ordinatar na fara ba. A rumfar Ɗan Jumma mai gyaran rediyo na tashi, nan bakin kasuwar Madarumfa, ni da Sanusi ɗan goggona. Taubasai ne mu, tun muna yara kowa na cewa ɗayan ne bawansa, har yau ba a raba wannan gardama ba. Ɗan Jumma yana da ɗabi'a ɗaya. In aka kawo rediyo, kafin ya taɓa ta sai ya buɗe murfin batir ya karce wata alama da tsinin ƙusa. Rediyon zamanin duk kamarsu ɗaya, kuma mai rediyo zai zo ya rantse cewa waccan mai kyan ce tasa. Tsohon ba ya musu da kowa, murfi kawai yake buɗewa. Ni na riƙe wannan a hannu. Sanusi kuwa abin da ke cikin rediyon ya riƙe. Ni na tsaya a ƙarshen lakol ɗin firamare, shi ya wuce, ya tafi Maraɗi, ya dawo da takarda.

Da asusun manoma ya buɗe rassa a yankinmu, tare aka ɗauke mu. Shi aka ba shi haɗa injuna. Ni aka ba ni moto, wato babur, mai sarƙa tana faɗuwa, da kwalin takardun liƙi, aka ce in bi rassa in rubuta duk abin da ke cin wuta. Na san kowane ordinatar da idona a lokacin. Na san na Gabi wanda fankarsa ke kuka, na san na Sarkin Yamma wanda ɓera ya haihu a bayansa. In an ce wane inji, sai in faɗi teburin da yake kai. Sanusi yana zaune a ɗaki mai sanyi, ni ina cin rairayi da tayar gaba. In mun fito masallaci, shi ake ce wa injiniya. Ni "mai ƙirga kaya".

"Bawana, ka ƙirga ɓerayen ko ka bar su waje?" Haka Sanusi yakan tare ni a bakin ofis.

"Na ƙirga, saura kai. Wace lamba zan liƙa maka?"

Mutane su yi dariya. Tawa maganar takan ɗan fi tasa kaifi, kuma ba a daɗe ba aka lura.

Sai aka kwashe sarwar ɗinmu, manyan injunan da ke riƙe da bayananmu, aka kai gajimare. Ku kun tashi da abin, ba ku san yadda ya zo mana ba. Aka ce daga yanzu injuna na haya ne, suna can wata ƙasa, ba mai taɓa su. Mutum ya danna, inji ya samu. Ya sake danna, ya ɓace. Na tambayi Madam Ramatu, shugabar tsaron na'urori a Maraɗi, ina zan liƙa takardata. Ta ce baz ce takardar yanzu. Sanusi aka tura Yamai ya koyi haifar injunan. Ya dawo da jaka mai tambari da ordinatar na hannu siriri, yana faɗin sunayen otel-otel. Ni an zaunar da ni a Maraɗi wuni guda, wani yaro ya nuna mini inda ake dannawa, na dawo a motar kasuwa tsakanin buhunan wake.

Amma na koyi aikin, kuma abin da na koya shi nake so ku ji. Kowane inji a gajimare yana da doguwar lamba da ake ba shi ranar da aka haife shi. Ba ta da daɗin karantawa, ba mai haddace ta, amma ita ce alamar da ke cikin murfi. In Magulmaciya ta kawo layi da wannan lamba, kuma lambar na cikin baz, aiki ya ƙare. Wahala tana inda babu. Wani lokaci suna kawai take kawowa, suna kuwa mutum ne ke raɗa shi, kuma mutum yakan raɗa wa inji biyu suna ɗaya, na gwaji da na aiki. Na taɓa haɗe irin waɗannan biyun a baz na mai da su ɗaya, aka gyara na gwaji aka rufe tike, na aiki yana nan da ramin da yake da shi. Akwai kuma gawa: injin da aka kashe tuntuni amma sunansa na nan a baz, kana ta aika masa tike kamar mai kai goron gayyata gidan da ya rushe. Akwai injin da ke raye, amma mai shi da ke rubuce ya bar aiki, yana Kano ko Legas yana ci-rani. Duk wannan sai ka bi a ƙafa, ka tambaya, ka gyara rubutu. Mafi sharrinsu shi ne adireshi. Adireshin inji a gajimare kamar rumfar haya ce a kasuwa. Yau mai tattasai ne a ciki, jibi mai takalmi. Wanda ya ɗaura layi da adireshi kaɗai, wata rana zai kama mai takalmi da laifin tattasai.

Ni ne na fara kamawa. Wata Litinin ta zo da jajayen layuka jere, ba lamba, sai adireshi. Na duba baz, adireshin yana kan wani injin Sanusi. Abin da ya kamata in yi shi ne in duba yaushe aka rubuta wannan adireshi, in tambaya ko yana nan a hannunsa. Ban duba ba. Hannuna ya yi sauri ƙwarai a ranar. Na ɗaura su duka, tike ya tafi gare shi, kwafi ya tafi ga Madam, domin dokar jan layi ke nan. A taron wata aka karanta sunansa a gaban kowa.

Sanusi bai ɗaga murya ba. Ya juya ordinatar ɗinsa ya nuna cewa ya saki adireshin nan tun kafin damina, yanzu wani injin reshen Maraɗi ne ke kansa. Sannan ya dube ni.

"Madam, a yi masa afuwa. Tun muna ɗiya in an ba ni tuwo ya fi nashi, sai ya ce ƙuda ya faɗa ciki."

Ɗakin ya ɗauka da dariya. Har Madam sai da ta rufe baki da hannu. Daga ranar, in wani ya ga na tsura wa allo ido sai ya ce, "Laminu, mi Sanusi ya yi kuma?" Mai gadi ma ya koyi faɗa. Ban iya fushi ba, ba a fushi da maganar taubashi, in ka yi kai ne abin dariya na biyu.

Shekarar da wuta ta yi wuya, muna aiki da hasken rana da batir, komai da gaggawa kafin na'ura ta mutu. A shekarar aka ce a sabunta rajistar membobi. Ma'aikata suka bi ƙauyuka da wayoyi suna ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa na kowa, da lambar wayarsa, da sunan garinsu. Mata masu gyaɗa, masu lambu na bakin tafki, masunta, tsofaffin da sai an riƙe musu katin saboda rawar hannu. Hotunan duk gajimare ake tura su, cikin ma'ajiyar da muke ce wa rumbu.

Bayan an gama, Magulmaciya ta kawo wani layi ja. Rumbu a buɗe, duk wanda ya san hanya zai shiga ba da makulli ba. Na ɗauki doguwar lambar na nema a baz, babu. Ba alamar reshe a jikinsa, ba sunan mai shi. Maraya sosai. Sai suna kawai: kurungu.

Ban yi minti ina tunani ba. A duk asusun nan mutum ɗaya ne ke raɗa wa kayansa sunan kifi. Kakanmu masunci ne, kuma Sanusi tun yana haɗa injunan farko yake ce musu tarwaɗa, ƙarfasa, gargaza. Dokar ofis ta ce a sa sunan reshe da aiki, yakan bi in abin na dindindin ne. In na wucin gadi ne, kifi ne.

Aikin a fili yake. In buɗe sabon shafi a baz, in zuba lambar, in rubuta Sanusi a gurbin mai shi, in ɗaura layin. Tike ya tafi, kwafi ya tafi ga Madam, kafin la'asar an rufe rumbu. Na buɗe shafin, na rubuta har rabin sunansa. Sai na ga taron wata a idona. Shaidata suna ce kawai, suna kuwa ni da kaina na san ba shaida ba ce. In ya zama ba nasa ba ne, na gama yawo a ofishin nan. In ma nasa ne, cewa za a yi Laminu ya daɗe yana nema, yau ya samu. Na goge. Na ce ai ɗan goggona ne, in faɗa masa da baki, ya rufe abinsa ba wanda ya ji.

Na same shi a gindin itacen bedi inda muke shan shayi, da direba da mai gadi da wasu biyu. Na ja shi gefe, bai jawu ba.

"Faɗi nan, bawana, ba ni da sirri da kai."

"Sanusi, kurungunka a buɗe yake."

"Kurunguna yana cikin miya, uwargida ta soya shi jiya."

"Ba wasa nake ba. Rumbun hotunan nan. Ja ne."

"Ja ne! Ku ji hwa. Wancan karon ma ja ne."

"Wallahi da gaske nake."

Direba ya ajiye kofi ya ce, "Kai, yau har da rantsuwa. Sanusi, sabuwar jakar nan taka ce ba ta barinshi barci."

Sanusi ya zaro waya yana dariya. Ya ce lallai ya yi rumbu mai wannan suna, amma ya share shi da hannunsa da aka gama rajista. Ya shiga, ya juya allon ya zagaya da shi gaban kowa, har mai gadi da bai iya karatu ba ya leƙa ya gyaɗa kai. Babu kurungu.

"Ka gani? Tahi ka ƙirga kujeru."

Abin da ban sani ba a lokacin, shi ma ya manta: gajimare yanki-yanki ne, allon yana nuna maka yankin da ka buɗe kawai. Wata rana da batir ke shirin mutuwa, ya yi kwafin rumbun a wani yanki don kada aiki ya ɓata, ya buɗe ƙofarsa don ma'aikatan ƙauye su samu turawa da sauri. Na farko ya share. Na biyu yana can. Da na zo masa da doguwar lambar a rubuce a takarda, da ya ga yankin a jikinta. Ni kuwa da sunan kifi na zo, a gindin bedi, gaban masu shayi.

Na sake gwadawa. Na kira shi a waya, ya ɗauka yana cewa, "Ofishin kamun kifi, wa ke magana?" Na tare shi a wani ɗaurin aure, ya kama hannuna ya ɗaga yana gaya wa dangi cewa in ya mutu kada a bar ni in yi masa wanka, zan ce na ga ja. Goggo ma ta yi dariya har da hawaye. Duk abin da ya fito bakina zuwa kunnensa, wasa ne. Haka aka shirya tsakaninmu tun kafin mu yi wayo, ni kuma na daɗe ina cusa gaskiyar cikina a cikin wasan, har ba mai iya rarrabewa.

Daga nan na bari. Wannan ne wurin da ba ni da abin cewa. Kowace Litinin layin na dawowa, ja, maraya, ina tsallake shi in ci gaba da na ƙasa. Na gaya wa kaina na faɗa, na sauke. Injiniya ne, ya je Yamai, ya san abin da yake yi.

Wata tsohuwa ce a Gabi ta fara kawo magana. Na je duba wata na'urar bugawa, na same ta zaune a ƙasa a bakin kantar biyan kuɗi, ta ƙi kujera. Ta ce wani ya kira ta, ya faɗi sunanta da na babanta, ya karanta mata lambar katinta daidai, ya ce daga asusu ne, ta faɗi lambar sirrinta a gyara mata. Ta faɗa.

"Ɗana, wanda ya san sunan babana, yaya zan ce ba naku ba ne?"

 Na bar na'urar a buɗe, na hau moto. A ranar na rubuta shafin, na zuba lambar, na sa sunan Sanusi cikakke, na ɗaura. Abin da na kasa a watanni bai kai tafasar shayi ba. Kafin in tashi daga kujera an rufe rumbun daga Maraɗi. Amma wanda ya kwasa ya riga ya kwasa. Kira ya yi ta shiga ƙauyuka, sai da aka sa masu shela da gidan rediyo suna gaya wa mutane kada su faɗi lambar sirri ga kowa. Akwai ƙungiyar mata guda da ta fita daga asusun gaba ɗaya, ba ta dawo ba.

Madam Ramatu ta zo da kanta. Ta zaunar da mu biyu a ɗakin darakta, ta buɗe tarihin layin, ta ga tun yaushe yake zuwa.

"Malam Laminu, ka san na wane ne?"

"Na yi zato, Madam."

"Mi ya hana ka rubuta zaton? Akwai gurbin zato a baz. Ni zan bincika, aikina ke nan."

"Na faɗa masa da baki."

Ta juya ga Sanusi. Ya ce, "Ya faɗa. Na ɗauka wasa ne."

Madam ba ƴar nan ba ce, amma ta san mene ne taubashi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce baz ba ta da ɗan goggo.

Shi aka sallama, domin shi ya buɗe ƙofar kuma bai rubuta rumbun ba. Ni takardar gargaɗi aka ba ni, aka ce in koma kan kujerata. Zan faɗa muku abin da ya zo mini a bakin ƙofa, ko da ba shi da kyau: ko a laifi ma shi ne babba. Shi sai da aka yi taro a Yamai a kansa. Kujerarsa kuwa ba a ko dube ni ba, wata yarinya aka kawo daga Maraɗi, kuma ta iya aikin.

Shi ya sa in kun zo kuna ce mini, "Baba, na san na wane ne, bari in buga masa waya," nake cewa ku zauna. Rubuta tukuna. Sa lambar, sa sunan wanda kake zato, rubuta cewa zato ne da dalilinka. In abokinka ne, rubuta. In wanda ba ka ƙauna ne, ka duba sau biyu, sannan ka rubuta. Bayan nan ka buga wayarka.

Sanusi ya koma lambun babansa a bakin tafki. Ya haɗa famfo da hasken rana, ya ja tiyo kamar yadda yake jan waya, yanzu ƴan kasuwa har daga ƙetaren iyaka suke zuwa ɗaukar albasarsa. Ko nan ma ya fi ni.

Kwanan baya aka yi suna a gidan goggo. Na shiga zaure na same shi a kan kujera, sauran suna kan tabarma. Da ya gan ni sai ya miƙe tsaye.

"Sannu da zuwa, Malam Laminu. Ina gajiya? Ina iyali?"

Na ce lafiya lau. Na tattaro ƙarfina na ce, "Na ga albasarka a kasuwa. Na ɗauka goro ne, don ƙanƙanta."

Kowa a zauren ya juyo yana jiran ya rama.

"Allah ya sa ta gaba ta fi girma, Malam. Bismillah, ga kujera."

Ya sa aka kawo mini kwanon nama, ya zaɓo mini tsoka da hannunsa. Sannan ya koma kan tabarma kusa da ƙanena Isa, ya fizge masa hula, ya ce wannan kan ko a kasuwar kabewa ba mai taya shi. Isa ya rama, zaure ya kece da dariya, suna ta turereniya kamar yara. Ina kan kujera, sama da kowa, da kwano a cinya, ina kallonsu.